Wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ni, kuma na taɓa kuɗin magada

Ga saƙon da ya shigo mana wannan satin, na ɗan rage tsawonsa:

"Assalamu alaikum Yaya Barista, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ƙaramin lauya ne a nan Zariya, shekarata shida a aiki, shekara biyu da suka wuce ni da abokina muka buɗe namu ofis wajen PZ, ɗaki biyu ne da yaro ɗaya mai kai mana takardu kotu. Akwai wani Alhaji aminin mahaifina, tun ina ɗan makarantar allo nake durƙusa masa a zaure, ya ba ni shari'ar fili a Babbar Kotu muka yi rashin nasara. Ranar hukunci tun a bakin kotu ya ce min ɗana a ɗaukaka, na ce an gama Baba. Na tura yaron ofis neman kwafin hukunci ana ta masa je ka ka dawo, ni kuma wasu shari'o'in suka ɗauke min hankali, azumi ya zo sallah ta wuce, shekaranjiya da na buɗe fayil ɗin na lissafa sai na ga wata uku ya cika har an ɗora kwana 19. Duk sanda ya kira ni ce masa nake ana kai Baba. Na biyu, akwai gonar gado da aka sayar ta hanyar Jos, magada suka ce kuɗin ya zauna wurina kafin rabo, miliyan 14, a asusuna na kaina yake. Mai gidan da muke haya ya matsa min na ciri dubu 900 da niyyar in mayar idan wani da nake bi ya biya ni, har yau bai biya ba, rabo kuma saura sati uku. Abokina bai san ko ɗaya ba. In faɗa wa Alhaji ne ko in lallaɓa in nemi ƙarin lokaci a kotu ba tare da ya sani ba? Yaron nan in sallame shi? Kuma ya zan tsara ofis ɗin nan kar haka ta sake faruwa, wallahi barci ya gagare ni."

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh na karanta saƙonka har sau biyu, kuma abu na farko da na lura shi ne ka jera matsalolin naka a baibai. Ka sa maganar Alhaji a gaba ka yi ta bayani, maganar kuɗin magada kuma ka saƙala ta a ƙasa kamar ƙaramar magana. A'a. Wa'adin da ya wuce sakaci ne, kuma irin wanda kotu ta saba gani tana gyarawa. Dubu 900 ɗin nan kuwa sunansa daban, shi ne zai iya cire maka gashin kan nan na lauyoyi da rigar da iyayenka suka sha wahala kafin ka saka. Dan haka da shi zan fara.

Ka sani na sani, tun a Bagauda ko Bwari ko ina ne ka yi makarantar lauyoyi an faɗa mana, kuɗin wanda kake wa aiki ba ya kwana a asusunka. Akwai ƙa'idojin asusun lauyoyi tun na 1964 da suka ce a buɗe asusu daban na masu shari'a, sannan ƙa'idojin ladabin aiki, na 2007 da sabbin na 2023 da suka fara aiki a watan Janairun 2024, duk sun hana lauya gauraya kuɗin mutane da nasa ko ya yi amfani da shi. Kenan tun ranar da alat ɗin miliyan 14 ya shigo wayarka ta asusun da kake sayen kati da cefane ka riga ka taka doka, kafin ma ka ciri ko kwabo. Cirewar kuma ta kai abin wani mataki. Kai ka kira shi aro, amma aro sai da mai abu ya sani ya yarda, wanda mai shi bai sani ba a dokar Penal Code cin amana sunansa, kuma idan ɗaya daga cikin magadan ya rubuta koke zuwa kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, ikonsu ya kai su ja maka kunne, ko su dakatar da kai na wasu shekaru, ko su sa a goge sunanka daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli gaba ɗaya, kuma su ce ka biya kuɗin. Ba tsorata ka nake ba. Yawancin waɗanda na ga sun faɗa ramin nan ba ɓarayi ba ne tun asali, mutanen kirki ne da suka ce "zan mayar ranar Litinin", Litinin ta zo suka ciri na wani suka toshe na wani, kamar mai adashin da ya ci kwasa biyu.

Abin yi a nan ba ya buƙatar dogon tunani. Ka nemo dubu 900 a cikin satin nan, ba sati uku ba. In motar ce a sayar, in madam na da sarƙa ka zauna ka faɗa mata gaskiya ka roƙe ta, in yayanka ne ka je ka sunkuyar da kai ka ranta, kunyar gida ta fi kunyar gurfana gaban LPDC a Abuja sauƙi. Abu ɗaya da ban yarda ka yi ba shi ne ka taɓa kuɗin wani mai shari'ar ka cike wannan. Kana cikewa ka je banki ka buɗe asusun masu shari'a da sunan ofis, ka tura miliyan 14 cif, ka samo littafi mai bango mai ƙarfi ka buɗe wa wannan gadon shafinsa, ranar da kuɗi ya shigo, daga wa, nawa, me ya fita, da izinin wa. Sannan ka rubuta wa magadan takarda cewa ga kuɗinsu ga inda yake. Mayarwar ba ta goge abin da ya faru ba, kar in yaudare ka, amma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya mayar da kansa kafin a tambaya da wanda sai da aka kai shi ofishin 'yan sanda. Kuma ni a ganina ka samu babban cikin magadan ka faɗa masa abin da ya faru da bakinka. In ka ga ba za ka iya kai kaɗai ba ka ɗauki wani dattijon lauya da kake jin nauyinsa ku je tare. Duk abin da za ka yi dai kar ka kuskura ka gyara takardar banki ko ka ƙirƙiro wani labari, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma banki ba ya mantuwa, ko bayan shekara biyar aka nemi bayanin asusun sai ya fito da kwanan wata da minti. Idan akwai ƙananan yara cikin magadan kai ma ka san abin da ayar Suratun Nisa'i ta ce kan cin dukiyar maraya, ba sai na yi maka wa'azi ba, a Zazzau muke.

Abokin aikinka kuma yau ɗin nan za ka faɗa masa. Sunanku biyu ne a allon ƙofa, idan wuta ta kama ba ɗakinka kaɗai za ta ci ba. Zai yi fushi, yana da haƙƙi.

Yanzu maganar Alhaji. Ka kwantar da hankalinka kaɗan, wannan ciwon yana da magani. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da wata uku a kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 a kan hukuncin tsakiyar shari'a, amma ta kuma ba kotun ikon ƙara lokaci. Za ka shigar da roƙon ƙarin lokaci a Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna, kuma abu biyu suke dubawa tare, dalili mai ƙwari da ya sa aka makara, da kuma dalilan ɗaukaka ƙarar su nuna tun daga kallon farko cewa akwai abin saurare. Ɗaya ba ya wadatarwa sai da ɗayan. Kotunanmu sun sha faɗa cewa ba a ɗora wa mai shari'a laifin lauyansa, to amma wannan sassauci ne ba haƙƙinka ba ne, kuma kwana 19 da wata 19 ba ɗaya ba ne a idon alƙali, duk kwanan da ka ƙara kana juyi a gado sai ka yi bayaninsa a takardar rantsuwa.

Ka ga inda dabarar taka ta ɓoyewa ta rushe ko? Takardar rantsuwa. Me za a rubuta a ciki? In ka rubuta gaskiya cewa sakacin ofishinku ne, to takardar tana fayil ɗin kotu, lauyan ɗaya ɓangaren zai karanta, wanda yake karewa zai ji, kuma garin nan namu da ka sani, kafin la'asar labari ya tashi daga Sabon Gari ya shiga Ƙofar Doka, Alhaji zai ji a bakin abokin shari'arsa a wajen ɗaurin aure. In kuma ka rubuta ƙarya, ka ce Alhaji ne bai da lafiya ko bai ba da umarni da wuri ba, ka yi rantsuwa kan ƙarya, ka ɗauki ƙaramin sakaci ka mayar da shi laifin da ya fi na kuɗin ma muni. Babu hanya ta uku. Ga kuma wani abu da ba ka ambata ba wanda shi ne ya fi damuna, mutumin da ya yi nasara ba jiranka yake ba. Ko ɗaukaka ƙarar da aka shigar a kan lokaci ba ta dakatar da zartar da hukunci da kanta sai an roƙa, balle kai da ba ka da komai a gaban kotu. Gobe Alhaji zai iya wayar gari ya ga an sauke bulo da yashi a filin, yana zaune da "ana kai Baba" a kunnensa. Ranar me za ka ce masa?

Uzurin kwafin hukunci kuma, dan Allah mu daina. Gaskiya ne tsarin mulki ya ce a ba masu shari'a kwafi cikin kwana bakwai da yanke hukunci, kuma gaskiya ne sau da yawa ba a samu a haka. Amma kana zaune a kotu aka karanta hukuncin, da biro a hannunka. Abin da manya suka koya mana shi ne ka shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara da abin da ka ji, ko da dalili ɗaya ne na cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin shaidun da aka gabatar, in kwafi ya fito ka nemi izinin gyarawa ka ƙara sauran. Kuma a rajistar kotun da ta yanke hukuncin ake shigarwa, wato nan Zariya, ko kuɗin motar Kaduna ba za ka kashe ba.

Yadda za ka faɗa masa, ka je da kanka, kar ka yi ta waya, kar ka aiki mahaifinka ya yi maka bayani, kai ne lauyan ba shi ba. Bayan gaisuwa ka ce Baba na zo da laifi ne, lokacin da doka ta ba mu ya wuce da kwana kaza, sakacina ne ba na kowa ba, ga abin da doka ta tanada na gyara, ga haɗarin da ke ciki, duk kuɗin wannan roƙon da tarar da kotu za ta iya sawa ni zan biya. Sai ka ƙara da abin da zai fi maka ɗaci, ka ce masa yana da damar ya nemi shawarar wani lauya, kuma in yana son ya karɓi fayil ɗinsa ga shi. Dole ne ka faɗi wannan saboda yanzu maslaharka da tasa sun ɗan rabu, kai kana son rufin asiri shi yana son filinsa. Kar ka yi masa alkawarin nasara dan ka wanke kanka, kuma ka zauna ka duba tsakaninka da Allah ko ɗaukaka ƙarar ma tana da ƙafa, dan wani lokacin a bakin kotu cikin zafin kaye ake cewa a ɗaukaka. Kana komawa ofis ka rubuta duk abin da kuka tattauna a wasiƙa, da Hausa in ita yake karantawa, ka aika masa ka ajiye kwafi. Ka san sashe na 9 na dokar lauyoyi bai kare mu daga biyan diyya kan sakaci ba, kariyar da ta rage ita ce ta abin da ya faru a gaban alƙali lokacin gudanar da shari'a, mantuwar kwanan wata a ofis ba ta ciki. Wanzami dai ba ya son jarfa, mu da muke kai likitoci da 'yan kwangila kotu mun manta mu ma ana iya kai mu. Amma a abin da na gani, dattawa irin Alhaji ba kasafai suke kai ɗan amininsu ƙara kan kuskuren da ya zo ya faɗa ba, abin da ba sa yafewa shi ne su gano an yi wata da watanni ana raina musu hankali.

Toh bari in zo kan tambayarka ta tsarin ofis, dan a nan nake da magana. Matsalolinka biyu uwarsu ɗaya. Ba rashin sanin doka ba ne, na tabbata in na tashe ka tsakar dare za ka faɗa min wata uku ne. Kunya ce da sabo. Alhaji ya ba ka umarni a tsaye a bakin kotu, ka ji nauyin ka ce Baba a zo ofis a sa hannu a biya kuɗin shigarwa. Magada sun ce ai kai na gida ne riƙe mana, ka ji nauyin ka ce sai an rubuta. Lauyan Legas zai turo maka takardar yarjejeniya kafin ya amsa sallamarka, mu nan kuwa rabin aikinmu daga masallaci da wurin ɗaurin aure da zaman makoki yake zuwa, daga surukai da abokan iyaye da 'yan ajinmu na sashen shari'a na jami'ar ABU a Kongo, kuma duk wanda ka ce wa ya sa hannu sai ya ce au, yanzu har mun kai haka? Ni amsar da nake ba su ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin Sahabbai aka saukar da ita ba tsakanin maƙiya ba. Ba wanda ya taɓa ja da ni bayan wannan. Ƙa'idojin aikinmu ma sun ce muhimmiyar yarjejeniya tsakaninka da wanda kake wa aiki a rubuta ta, har ma sun hana lauya bin mutane gida ko shago karɓar aiki sai da larura, da muna ɗalibai dariya muke wa wannan ƙa'idar muna cewa girman kan Turawa ne, sai da na girma na gane hikimar, aikin da aka karɓa a zaure ba ya shiga fayil, a iska yake zama.

Dan haka duk wanda ya kawo aiki, ko kawunka ne, shafi ɗaya, me zan yi maka, me ba ya cikin aikin, nawa ne kuɗina, wa zai biya kuɗin kotu, ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda kuma ka ƙi karɓar aikinsa shi ma ka tura masa saƙo ko na WhatsApp ne cewa ban karɓa ba, ka nemi wani da wuri dan lokaci na tafiya. Wannan na biyun mutane ba sa ɗaukarsa da muhimmanci, amma sau nawa mutum zai tare ka bayan sallar Juma'a ya ba ka labarin korarsa daga aiki ka ce "za mu duba", shi a ransa ya riga ya ɗauki lauya, ya koma gida ya miƙe ƙafa.

Sai dayari. Ba wanda ke cikin kanka ba, kan mutum ba ma'ajiya ba ne. Babban dayari ɗaya na ofis a kan tebur da kowa ke gani, da kalandar waya da ku biyun kuke ciki, duk ranar da aka yanke hukunci ko aka kawo muku takarda kafin a cire rigar kotu a lissafa wa'adi a rubuta, mutum ɗaya ya lissafa ɗayan ya sake lissafawa da kansa. Kuma ba ranar ƙarshe kaɗai ake rubutawa ba, ni sau uku nake sawa, saura wata, saura sati biyu, saura kwana uku, ranar gaskiyar kuma da jan biro. Duk safiyar Litinin ko yammacin Juma'a ku zauna minti talatin da shayi ku bi fayil ɗaya bayan ɗaya, wanda aka yi wata ba a taɓa ba a ciro shi a tambayi dalili. Fayil ɗin da kake jin faɗuwar gaba in ka hango shi a kanta, wanda kake tsallakewa, wallahi shi ne mai cizon, shi za ka fara buɗewa.

Ka gode wa Allah naka wa'adin mai karɓar gyara ne, akwai waɗanda in sun wuce ko kuka ka yi da hawayen jini ba mai buɗe maka. Ƙarar zaɓe kwana 21 ne daga bayyana sakamako, rikicin kafin zaɓe kwana 14, tsarin mulki ne ya yanka ba alƙalin da zai ƙara maka awa ɗaya. Ga dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ba da wata uku kacal a kai su ƙara, kuma ka duba garin nan, jami'a, asibitin koyarwa, kwalejin jiragen sama, barikin soja, kusan ko ina ka juya ma'aikatar gwamnati ce, dole irin waɗannan shari'o'in su zo teburinka. Na san akwai hukunce hukunce kan inda dokar take aiki da inda ba ta aiki, amma wannan muhawarar ka bar ta ga wanda ya riga ya makara, kai ka shigar cikin wata ukun, kuma ka duba ko dokar da ta kafa wurin tana buƙatar a ba su sanarwa kafin a kai su ƙara. Haka a kotunan Shari'a, maganar hauzi, mutum ya zuba ido shekara goma wani bare na noma gonarsa bai ce uffan ba sannan ya zo maka, tambayar farko kafin ta kuɗi ita ce yaushe abin ya faru.

Ni ma ba tsira na yi ba, kar ka ɗauka daga sama nake magana. Ina shekara ta uku a ƙarƙashin wani ubangidana, Allah Ya jiƙansa, na rubuta ranar zama a bayan katin ɗaurin aure na sa a aljihun kaftani, kaftani ya tafi wurin wanki, ranar ta zo ba mu je ba aka kori ƙarar. Na kwana biyu ina zagaye ofishinsa kamar kazar da za ta yi ƙwai. Da na faɗa masa bai ɗaga murya ba, cewa ya yi in ɗauko takarda in rubuta roƙon maido da ƙarar, sannan ya sa ni a mota muka je wurin mai shari'ar ya ce in maimaita abin da na faɗa masa. Tafiyar nan daga Tudun Wada zuwa cikin birni ban taɓa yin mai tsawonta ba. An maido da ƙarar, mutumin kuma bai bar ofishinmu ba har ya rasu.

Ƙananan abubuwa da ke kashe babbar shari'a, a gurguje. Sa hannu da sunanka na lauya ba da sunan ofis ba, tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofar, an yi asarar shari'o'in shekara da shekaru a kan haka. Hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, a kan takarda, kuɗin izinin aiki kafin 31 ga Maris. Kafin ka karɓi sabon aiki ka tambayi abokinka ko ya taɓa yi wa ɗaya ɓangaren wani abu, ku ajiye littafin sunaye, dan a gari irin namu mai ƙara da wanda ake ƙara sau da yawa kakansu ɗaya. Wannan gadon ma da ke hannunka, in magadan suka ɓata a tsakaninsu ba za ka tsaya wa ɗaya a kan sauran ba, ka sani tun yanzu. Cinikin fili kuma kar ka yarda da dillali da mai unguwa kaɗai, a bincika a hukumar filaye ta jihar Kaduna, KADGIS, ka taka ka ga filin da idonka, ka rubuta wa mai saye abin da ka gano da abin da ka kasa tabbatarwa. Idan aka turo maka lambar asusu ta WhatsApp aka ce a tura kuɗin nan, kira mutumin ka ji muryarsa ya karanto maka lambar, ana sace WhatsApp ɗin mutane kullum. Wanda kuma ya shigo da tsabar kuɗi a buhu ka raka shi banki, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10, kuma sabbin ƙa'idojinmu sun ɗora mana sanin wanda muke wa aiki da inda kuɗinsa ya fito. Fayil kuma a ɗauki hotonsa a ajiye a kwamfuta da wani wurin daban, damina ɗaya da rufi mai yoyo ko gara ta ishe ka.

Akwai inshorar kuskuren sana'a, ƙananan ofisoshi a nan ba mu cika yi ba, wasu saboda kuɗi wasu saboda shakkar halacci, amma yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi sai ku je ku tambaya ko suna da irin wannan. Ka dai sani ba za ta ɗauki abin da ka riga ka san ya faru kafin ka shiga ba, kuma ba ta biyan cin amana, ta kuskure ce. Sannan ku duba kuɗin da kuke caja. Lauyan da ya kai ga taɓa amana saboda haya, yawanci rabin aikinsa na "Allah Ya saka" ne. Ka rubuta wa wancan da kake bi takardar kuɗin aiki a ƙa'ida, doka ta ce sai wata ɗaya ya cika da ba shi kafin ka iya kai shi ƙara, to agogon ba zai fara ba sai ka rubuta.

Yaron ofis kuwa, me ya yi? An aike shi neman kwafi ya je ya dawo ya ce ba a gama ba, iyakar aikinsa kenan. Shi ba a kira shi lauya ba, bai san wata uku ba bai san kwana 14 ba, kai ne ka sani. In ka sallame shi gobe ka ɗauko wani, sabon ma haka zai yi ta zirga zirga tsakanin PZ da kotu har wani wa'adin ya wuce. Ka bar shi, ka saya masa ƙaramin littafi ya riƙa rubuta inda ya je, wa ya gani, me aka ce masa, ka riƙa sa hannu a kai kullum kafin a tashi. Kuma kar in ji sunansa a takardar rantsuwar nan a matsayin wanda ya jawo jinkiri. Ka rubuto min bayan ka dawo daga gidan Alhaji.